YADDA AKE KAI KUKA MAJALISA DA ABIN DA KE BIYO BAYA

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ƙungiya, ɗan kasuwar goro, ya gabatar a taron shekara-shekara da aka yi a Sabo, Ibadan.)

 

  

Da farko ina neman afuwar malamai da 'yan boko da ke wurin nan, domin ni ba lauya ba ne, ba kuma ɗan siyasa ba. Karatuna allo ne da Islamiyya, sauran kuwa a bakin huhun goro na koye shi. Amma kwamiti ya ga dacewar in tsaya a gabanku in yi bayani a kan yadda talaka yake kai kukansa majalisar dokoki, da yadda majalisa take yi da kukan idan ya iso gare ta, saboda an san na taɓa shiga wannan hanya da ƙafata, na sha wuyarta, na kuma ɗan ɗanɗani amfaninta. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure kuwa masana su gyara mini.

Jama'a, tun 1916 aka kafa unguwar Sabon nan da muke zaune a cikinta. Wato shekara fiye da 100 ke nan. A nan aka binne kakannin wasunmu, a nan aka haifi 'ya'yanmu da jikokinmu. Amma har yau idan wani abu ya same mu, hanyoyinmu uku ne. Ko mu garzaya fada mu ɗora wa Sarki, ko mu buga waya gida Arewa mu nemi wani babba ya sa baki, ko kuwa mu ce mun bar wa Allah. Dukkansu ba laifi ba ne. Sarki uba ne, kuma Allah shi ne gatan kowa. Sai dai barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Akwai ƙofa ta huɗu wadda dokar ƙasa ta buɗe mana, mu ne ba mu cika ƙwanƙwasa ta ba.

Ku tuna abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 2021. An yi asarar rayuka da dukiya, an rufe kasuwa, gwamnonin Kano da Kebbi da Neja da Zamfara suka zo nan Ibadan jaje. Bayan haka ƙungiyar dillalan dabbobi da kayan abinci ta dakatar da kawo kaya Kudu na kusan mako guda. Duniya ta ji. To amma gwamnan da ya zo jaje ya hau jirgi ya koma, yajin aiki kuma ya ƙare, mu ne muka rage a nan tare da maƙwabtanmu. Tambayar da nake so kowa ya yi wa kansa ita ce: mu nawa ne a cikinmu muka rubuta asararmu a takarda, muka sa hannu, muka kai ta inda doka ta ce a kai?

KAI KUKA BA BAƘON ABU BA NE A WURINMU

Kada wani ya ɗauka wannan al'adar Turawa ce. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu Suratul Mujadala, sura ta 58, wadda ta sauka a kan mace guda, Khaulatu 'yar Sa'alaba, da ta kai ƙarar mijinta wurin Manzon Allah (SAW), ta yi ta maimaita kukanta har hukunci ya sauko. A littattafan malamanmu kuma, kamar Ahkamus Sulɗaniyya na Imam Mawardi, akwai babi guda a kan mazalim, wato zaman da shugaba yake yi don sauraron waɗanda ma'aikatansa suka zalunta. Ashe ke nan tun can asali an san cewa mai riƙe da muƙami yana iya danne na ƙasa, kuma dole a sami wurin da na ƙasa zai je ya yi magana. Zamani ne ya canza, wurin ya koma zauren majalisa, maganar baka ta koma takarda.

ABIN DA TSARIN MULKI YA TANADA

Tsarin Mulkin 1999 shi ne muke kai. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin ya zauna a duk inda ya ga dama a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko garin da ya fito. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar gida ko fili a ko'ina. Ina so matasa su haddace lambobin nan uku kamar yadda suka haddace lambar wayarsu.

Sannan sashe na 88 ya ba Majalisar Tarayya ikon binciken ma'aikatu da hukumomin da ke aiki da dokokin da ta yi, ko suke kashe kuɗin da ta ware, domin ta gyara doka, ko ta tona cin hanci da sakaci da almubazzaranci. Sashe na 89 ya ba ta ikon kiran kowane mutum a Nijeriya ya zo ya ba da shaida, ya kawo takardu, in ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba a ba da takardar kamo shi. Irin wannan iko ne sashe na 128 da na 129 suka ba majalisun jihohi. Wannan shi ne ƙarfin da ke bayan takardar koke. Shugaban hukumar da kai ba za ka iya wuce maigadinsa ba, majalisa tana iya zaunar da shi a kujera yana fuskantarka, ana yi masa tambaya yana amsawa.

A Abuja akwai Majalisar Dattijai mai sanatoci 109, da Majalisar Wakilai mai wakilai 360. A nan jihar Oyo kuma majalisar dokoki tana Sakatariya a Agodi, da 'yan majalisa 32. Kowace daga cikinsu tana da kwamitin da ke duba koke-koken jama'a.

Abu na farko shi ne mutum ya san ƙofar da zai nufa. Maganar kasuwa da tasha da mayanka da kuɗin rumfa, ta ƙaramar hukuma ce da jiha. Maganar fili tana hannun gwamna tun dokar ƙasa ta 1978, saboda haka majalisar jiha za a nufa. Amma abin da ya shafi 'yan sanda, ko kwastan, ko jami'an shige da fice, ko titin tarayya, ko jirgin ƙasa, wannan na Abuja ne. Haka kuma a san wakili. Mu na Sabo da Bodija muna ƙaramar hukumar Ibadan ta Arewa, sanatanmu na Oyo ta Kudu ne. 'Yan'uwanmu na Shasha kuwa suna Akinyele, nasu sanatan na Oyo ta Tsakiya ne. Kun ga gari ɗaya, amma wakilai daban.

YADDA TAKARDA TAKE TAFIYA

Ga ƙa'ida, takardar koke ba ta shiga zauren majalisa da ƙafarta, sai ɗan majalisa ya ɗauke ta. Ana rubuta ta da sunan Shugaban Majalisar Dattijai ko Kakakin Majalisa, a miƙa ta hannun wakilin mazaɓa. A ranar zama, bayan an yi addu'a an amince da bayanin zaman da ya gabata an yi sanarwa, akan zo kan koke-koke tun kafin a shiga manyan muhawarori. Wakili ya miƙe ya faɗi daga wurin su wa takardar ta fito, a kan wa, mene ne zargin a taƙaice, da abin da ake roƙo. Sai ya nemi izini ya ajiye ta a kan tebur. Ba a yin muhawara a kanta a wannan lokaci, shugaba zai tura ta kwamiti ne kawai.

A kwamiti ake ainihin aikin. Akawun kwamiti zai rubuta wa mai koke da wanda ake kuka da shi, a sa rana. Kowa ya zo da takardunsa, mai lauya ya zo da lauyansa, wanda ba shi da shi ya yi magana da bakinsa. 'Yan kwamiti su yi tambayoyi, wani lokaci su je su ga wurin da idonsu. Sau da yawa tun a nan ake sasantawa, domin ba kowace hukuma ke son sunanta ya shiga rahoto ba. In ba a sasanta ba, kwamiti ya rubuta rahoto da shawarwari ya mayar zauren majalisa, a duba su ɗaya bayan ɗaya, a amince ko a gyara ko a yi watsi. Abin da aka amince da shi ya zama ƙudurin majalisa, akawun majalisa ya aika wa hukumar da abin ya shafa.

Akwai sharuɗɗa da ke kashe takarda tun ba ta je ko'ina ba. Dole a sa hannu, da cikakken suna da adireshi. Dole harshenta ya zama na ladabi, ba zagi ba habaici. Dole ta ƙare da roƙo bayyananne, wato abin da ake so majalisa ta yi. Maganar da ke gaban kotu majalisa ba ta taɓa ta. Kuma ɗan majalisa ba ya gabatar da takardar da shi da kansa ya sa wa hannu a matsayin mai koke. Kun ji abin da ya faru a watan Maris na 2025, lokacin da Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya ta kai koke a kan Shugaban Majalisar Dattijai Godswill Akpabio, kwamiti ya ƙi karɓar takardar farko bisa hujjar cewa ita ce ta sa hannu. Ba na tsaya nan don in ce wane ke da gaskiya ba. Abin lura shi ne, in ƙa'ida ta iya tare sanata, to ina ga ni da ku?

Game da harshe, sashe na 55 ya ce Majalisar Tarayya za ta yi aikinta da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya kamata. A aikace dai da Turanci ake yi. Saboda haka shawarata a fara rubuta koke da Hausa, a karanta wa masu shi su ce e, haka abin yake, sannan a ba ɗanmu mai ilmi ya juya shi Turanci, a haɗa biyun. Kada dattijo ya dangwala yatsa a kan abin da bai san me ke ciki ba.

ABIN DA YA SAME NI

Yanzu bari in ba ku nawa labarin. Shekarun baya ina da rumfa a wani gari da muke sayen goro, a wata jiha ta nan Kudu, ba sai na kama suna ba. Wata safiya muka tarar an shafa wa rumfunanmu jan fenti, wai za a faɗaɗa hanya. Aka ce mu kwantar da hankali, za a ba mu wani wuri. Ba a yi wata guda ba katafila ta zo. Rumfa 46 aka rushe, har da goron da ke jiƙe a ciki. Muka yi ta zarya ofishin hukumar da ta yi aikin, yau a ce oga ba ya nan, gobe a ce fayil ya hau sama.

Da ranmu ya ɓaci sai muka sa wani yaro ya rubuta mana takarda shafi 4. Wallahi babu abin da ba mu faɗa a ciki ba. Mun ce ƙabilanci ne, mun ce Allah ya isa, mun kawo tarihin duk abin da aka taɓa yi wa Bahaushe a Kudu. A ƙarshe aka sa hannu da sunan "Al'ummar Hausawa", ba sunan mutum ko ɗaya, ba mu kuma faɗi abin da muke so a yi mana ba. Muka jefa a gidan waya, kofi ga Kakaki, kofi ga gwamna, kofi ga kowa. Wata 6 shiru kake ji.

Wanda ya buɗe mana ido wani dattijon Bayarabe ne, tsohon akawun gwamnati, wanda muke haya a gidansa. Ya karanta takardar ya yi dariya, ya ce da ni, Alhaji, wannan ai huce haushi kuka yi, ba koke ba. Ya tambaye ni, rumfunan Hausawa kaɗai aka rushe? Na ce a'a, akwai na matan Yarbawa masu ɓare goro da masu abinci. Ya ce to me ya sa kuka bar su a baya? Jama'a, kunya ta kama ni. Muka koma muka zauna da su, muka rubuta sabuwar takarda shafi ɗaya da rabi: ranar da aka shafa fenti, ranar da aka rushe, sunan kowa da lambar rumfarsa, sannan roƙo guda biyu, a ba mu wurin da aka yi mana alkawari, a kuma biya diyyar kayan da suka lalace.

Nan muka gamu da ciwonmu na biyu. Da aka ce kowa ya kawo rasit na kuɗin rumfa, mutum 19 kacal suka kawo, kuma yawancinsu matan nan ne. Mu muna biya shekara da shekaru, amma rasit ɗin a nan muke ƙunshe goro da shi ko mu yar. Ciwo na uku kuwa, da muka je wurin ɗan majalisar mazaɓar, ya karɓe mu da mutunci, amma ya yi mana tambaya guda: ku nawa ne kuke jefa ƙuri'a a nan? Muka yi ta kallon juna, don kusan dukkanmu katinmu na gida ne.

Duk da haka ya gabatar. Aka tura kwamiti. Zama na farko hukumar ba ta zo ba, na biyu ta aiko ƙaramin ma'aikaci wanda ya ce bai san komai ba, sai a na uku da kwamiti ya tsananta shugabanta ya zo da kansa. Kowane zama mu muke biyan kuɗin motarmu, mu rufe kasuwa mu je. Wasu suka gaji suka janye. Sai da aka yi wata 14 sannan magana ta ƙare. Diyya dai ko kwabo ba mu gani ba. Amma masu rasit an ba su sababbin rumfuna, ni ma Allah ya sa ɗana ya adana nawa a cikin akwati, na samu. Waɗanda ba su da takarda suka tashi a tutar babu, a cikinsu har da wani bawan Allah da ya riga ni zama a wurin da shekara 10. Har ya koma ga Allah bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Allah ya jiƙansa. Duk lokacin da na tuna shi sai in ga cewa katafila ta rushe rumfarsa, amma rashin rasit ne ya hana ta tashi.

INDA ƘARFIN MAJALISA YA TSAYA

Ba zan yaudare ku ba. Majalisa ba kotu ba ce. Ƙudurinta shawara ce mai nauyi, amma ba hukunci ba ne da za a je a kwashe kayan wani a biya ka. Hukuma tana iya jan ƙafa, wata ma ta yi kunnen uwar shegu. Abin da majalisa take riƙe su da shi shi ne kasafin kuɗi, domin kowace shekara dole su dawo gabanta neman kuɗi, da kuma kunyar 'yan jarida. Na biyu, koke-koke suna da yawa, 'yan kwamiti kuma 'yan siyasa ne masu nasu hidimomin, wanda ba ya bibiya sai a manta da shi. Zuwa da kai ya fi aike. Na uku, kowace majalisa wa'adinta shekara 4 ne. Majalisar Tarayya ta 10 ran 13 ga watan Yuni, 2023 aka rantsar da ita. Idan wa'adi ya ƙare ba a gama da maganarka ba, galibi sai ka sake sabon lale. Saboda haka kada a bari sai guguwar zaɓe ta taso sannan a kai koke. Na huɗu, kuma wannan lauyoyi sun sha gargaɗi a kansa, akwai ƙarar da doka ta yanka wa lokaci a kotu, musamman ƙarar hukumomin gwamnati, kuma zaman jiran majalisa ba ya tsayar da wannan agogo. In maganar babba ce a nemi shawarar lauya tun da wuri.

Wani zai ce, to in wakilin ya ƙi karɓar takardata fa? Ana iya neman wani ɗan majalisar, kuma in na wakilai ya ƙi akwai sanata. Akwai ma abin da ya faru a watan Maris na 2021 wanda ya shafe mu mazauna nesa da gida. Wata ƙungiyar 'yan ƙabilar Tibi mazauna Amurka ta aiko koke a kan 'yan'uwansu da rikici ya raba da gonakinsu, ta hannun ɗan majalisa Mark Gbillah na jihar Binuwai. Mataimakin Kakaki na lokacin, Ahmed Idris Wase, wanda ke jagorantar zaman, ya hana a gabatar, yana ganin mazauna waje ba su ne za su kawo irin wannan kuka ba. 'Yan Nijeriya mazauna ƙetare suka yi ca, kafin watan ya ƙare Kakaki Femi Gbajabiamila ya bari aka gabatar da takardar. To in wanda ke Amurka an karɓi nasa, kai da ke Sabo kana biyan haraji a nan, wa zai ce ba ka da baki?

Akwai kuma kiranye, wato jama'a su dawo da wakilinsu gida. Sashe na 69 da na 110 sun tanade shi, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada a kan Sanata Dino Melaye, da aka zo tantancewa a watan Afrilu na 2018 kashi 5 da 'yan kai cikin 100 kawai aka tabbatar. An sake gwadawa a Kogi ta Tsakiya a 2025, hukumar zaɓe ta ce sa hannun bai kai kashi 44 ba. Wannan hanya ce mai tsauri. Kiranyen da ya fi sauƙi shi ne ranar zaɓe, shi ma sai mai kati.

Kada kuma mu manta da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 31 ta 1975 zamanin Janar Murtala, wadda marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule Ɗanmasanin Kano ya fara shugabanta. Majalisar Tarayya ce ke naɗa kwamishinoninta, tana da ofis a kowace jiha, kuma kyauta take aiki. Maganar fansho, ko albashin da aka riƙe, ko kamfanin da ya kori yaro ba haƙƙinsa, can ta fi sauri, ba ka kuma bukatar ɗan majalisa. Sai dai ba ta karɓar abin da ke gaban kotu ko gaban majalisa, kuma ana so a kai kuka cikin wata 12 da faruwar abin. Don haka a zaɓi ƙofa ɗaya, kada a raba ƙafa.

Daɗin daɗawa, ba sai an cuce mu kaɗai za mu je majalisa ba. Idan ana shirin yin doka akan yi zaman jin ra'ayin jama'a, kowace ƙungiya tana da damar aika takardarta. A 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai Benjamin Kalu ya kawo ƙudurin gyaran tsarin mulki wanda zai ba mutumin da ya shekara 10 a jiha damar zama ɗan jihar. Waɗanda ba sa so suka yi magana da ƙarfi, a ƙarshe ya janye shi. Ko muna goyon baya ko ba ma yi, wace magana ce ta fi wannan shafar 'ya'yanmu da ake hana wa takardar shaidar ɗan ƙasa a nan, a can gida kuma a ce ba a san su ba? Amma mu a ƙungiyar nan ko layi ɗaya ba mu aika ba. Har da ni a cikin masu laifin.

SHAWARWARI

Ranka ya daɗe, ina roƙon a ba ni dama in ajiye shawara 5 a gaban wannan taro.

Na ɗaya, ƙungiya ta kafa ƙaramin kwamitin koke-koke ƙarƙashin fada, a sa dattawa biyu, da malami, da mace ɗaya aƙalla, da matasanmu masu boko. Duk takardar da za ta fita da sunan jama'a ta bi ta hannunsu.

Na biyu, kowane ɗan kasuwa ya tanadi jaka ko fayil na rasit. Kuɗin rumfa, kuɗin shara, kuɗin sauke kaya, duk abin da ka biya ka karɓi takarda, ka kuma sa yaro ya ɗauki hotonta a waya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, wanda ya san nan ne mazauninsa ya je hukumar zaɓe idan an buɗe rajista ya mayar da katinsa nan. Doka ta yarda, kuma kyauta ne. Ɗan majalisa yana lissafin ƙuri'a kamar yadda muke lissafin ƙwarya, in ba ka cikin lissafinsa sai dai ya taimake ka don Allah.

Na huɗu, mu san ofishin wakilanmu tun babu matsala. Mu kai musu ziyara, mu gayyace su taronmu. Ba ranar da gobara ta tashi ake fara gaisawa da mai rijiya ba.

Na biyar, duk kukan da ya haɗa mu da maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo da sauransu, mu kai shi tare. Kwatar da ta toshe ba ta tambayar ƙabila, haka ma mai karɓar kuɗi a hanya ba bisa ƙa'ida ba. Ni shaida ne, rasit ɗin matan nan ne ya tsayar da maganarmu a gaban kwamiti. Kuma mu ji tsoron Allah a cikin abin da muke rubutawa. Wanda ya yi asarar buhu 10 kada ya rubuta 50, domin ƙarya ɗaya in aka kama ta, ta rushe gaskiyar mutum 100, ga kuma tsayuwa gaban Allah.

Iyayena da 'yan'uwana, wannan hanya tana da jinkiri, tana cin kuɗin mota, kuma ba kullum ake dacewa ba. Amma takardar da aka ajiye a teburin majalisa ta shiga tarihin majalisa, ko bayan ranmu jikokinmu za su iya cewa ga ranar da iyayenmu suka yi magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in bai faɗa ba kuwa, kada ya ga laifin mai gyara.